Rauta da faiba: me ya hana su jin maganar juna tsakanin Kano da Legas?

Idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari ya tura wa maƙwabcinsa kuɗi ta waya, ko da shagunansu na kallon juna, saƙon ba ya tsallaka layi ya faɗa wayar maƙwabcin kai tsaye. Galibi sai ya je Legas ya dawo, domin a can manyan kwamfutocin yawancin bankuna suke, a can kuma NIBSS take, cibiyar da ke sasanta kuɗi tsakanin bankuna. Tafiyar ta kai kilomita 1,000 zuwa, 1,000 dawowa. Haske a cikin wayar faiba yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda, saboda haka zuwa da dawowar duka kamar kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ne. Nisa ba shi ne matsalar ba ke nan. Dalilan da ke sa mai POS ya ce maka netwok ya ɗauke suna da yawa, tun daga ƙarewar dizal a ƙarfen sabis na unguwa har zuwa cunkoso a bankin kansa. Akwai wani dalili guda da ba a cika tattauna shi ba. Na'urori iri biyu ne ke ɗauke da saƙon nan, kuma an fi shekara 20 ana fama a sa su fahimci juna.

Iri na farko ita ce rauta, babbar yayar wadda ake sakawa a gida ko ofis don wayifai. Intanet ba ya tura saƙo dunƙule. Yana yayyanka shi ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da adireshinsa, rauta kuma ta duba adireshin ta zaɓi ƙofar da zai fita. Rautoci suna zance da junansu ba dare ba rana. A cikin kamfani ɗaya suna amfani da ƙa'idoji irin su OSPF da IS-IS, tsakanin kamfani da kamfani kuma BGP. Idan wata hanya ta mutu, su sanar da juna, su sauya. Abin da rauta ta sani game da duniya shi ne ina da maƙwabciya a Abuja, ina da wata a Kaduna, hanyar farko tana ɗaukar kaza, ta biyu kaza. Ba ta san ko wayar a cikin rami take a gefen titin Zariya ba, ko a saman turakun lantarki aka rataye ta.

Iri na biyu su ne na'urorin haske. Zaren faiba gilashi ne siriri kamar gashin kai, kuma ba saƙo ɗaya yake ɗauka ba. Ana harba masa launukan haske da yawa a lokaci guda, launukan da ido ba ya gani, kowanne yana tafiya da kayansa ba tare da ya cuɗanya da ɗan'uwansa ba. Wannan shi ne DWDM. Hukumar ITU, mai tsara ƙa'idojin sadarwa na duniya, ta tsara wa launukan nan gurabe a ƙa'idarta G.694.1, ta yadda idan aka bar tazarar gigahaz 50 (ma'aunin saurin kaɗawar haske) tsakanin launi da launi, zare ɗaya zai ɗauki launuka har 96. Haske yana raunana a hanya, don haka kusan kowane kilomita 80 ake gina ɗan ɗaki a saka na'urar da ke ƙara masa ƙarfi. A manyan mahaɗu kuma, a ce kamar Kaduna, akwai ROADM, na'urar da ke sauke wani launi ta bar wani ya wuce ba tare da ta mayar da shi lantarki ba. Waɗannan na'urori ba su san adireshi ba, ba su san alat ba, ba su san bidiyon TikTok ba. Ƙarfin haske da tsabtarsa kawai suka sani.

A tsarin da aka gada, ana haɗa su ne ta wani akwati da ake kira tiransifonda. Rauta ta fitar da haske mai gajeren zango, akwatin ya karɓa ya mayar da shi launin da zai iya doguwar tafiya, a ɗaya ƙarshen wani akwatin ya warware. Akwatunan biyu kuwa dole su kasance na kamfani ɗaya. Ma'aikatan ma kashi biyu ne a kusan kowane kamfanin sadarwa: 'yan IP da 'yan tiransimishan, wato masu kula da rautoci da masu kula da na'urorin haske, kowa da ogansa, da allon sa idonsa, da kasafin kuɗinsa. Idan 'yan IP na son ƙarin hanya daga Kano zuwa Abuja, takarda za su rubuta su jira makonni.

Jiran makonni abu ne da za a iya haƙuri da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne jahilcin da rauta ke ciki game da ƙasan da take takawa. Ka ɗauki ɗan kasuwar da ya raba kayansa a motoci biyu daga tasha biyu daban-daban don kada asara ta haɗu masa, bai san duka motocin ta gadar Tamburawa za su bi ba. Ranar da gadar ta toshe, dabararsa ta tashi a banza. Haka banki ko jami'a ke sayen layi biyu daga kamfanoni biyu, rauta tana ganin hanyoyi biyu masu zaman kansu, alhali launuka biyu ne a zare ɗaya, ko zare biyu a rami ɗaya. Katafila ɗaya ta masu aikin titi ta isa ta tsinke su tare. Injiniyoyi sun daɗe da sanin wannan. A 2005 ƙungiyar IETF, mai rubuta ƙa'idojin intanet, ta fitar da takarda mai lamba RFC 4202, wadda a cikinta aka tsara yadda za a liƙa wa kowace hanya lambar haɗarin da take tarayya da wasu a kansa, abin da ake kira SRLG, domin rauta ta guji ɗora babbar hanya da ta ko-ta-kwana a kan rami guda. Ƙa'idar tana nan. Sai dai wa zai cika lambobin? Bayanin yana hannun masu faiba, mai buƙatarsa kuma mai rauta ne, sau da yawa ma ba kamfani ɗaya suke ba.

Mun ga babban samfurin wannan ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, azumi yana farko-farkonsa. Wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace kusan lokaci guda a gaɓar Kodebuwa, ana kyautata zaton zaftarewar ƙasa ce a ƙarƙashin ruwa. A takarda, wayoyi huɗu ne na masu su daban-daban. A ƙasan teku kuwa yanki ɗaya suka ratsa. Manhajojin bankuna suka riƙa tangal-tangal har a nan Kano, waɗanda suka fi saurin farfaɗowa su ne masu hanya a kan wayoyin da abin bai shafa ba, irin su Equiano ta Google, wadda ta iso Legas a 2022, da Glo-1.

Akwai kuma rigimar wa zai fara gyara. Tsofaffin na'urorin SDH, tsarin tura saƙo ta faiba da aka yi amfani da shi a baya, an gina su ne su koma hanyar ko-ta-kwana cikin kashi 50 cikin 1,000 na daƙiƙa. Rautocin zamani ma suna iya hakan. Na'urorin ROADM kuwa, idan za su nemo wa launi sabuwar hanya, sai an sake saita haske an jira masu ƙara ƙarfi su daidaita, abin da kan ci daƙiƙoƙi har zuwa mintoci. Idan babu shiri tsakaninsu, rauta ta kauce, can kuma ɓangaren haske ya gyara ta wata doguwar hanya, rauta ta dawo tana zaton tsohuwar hanyarta ce, ba ta san jinkiri ya ninka ba, ba ta kuma san sabuwar hanyar ta shiga rami ɗaya da ta ko-ta-kwananta ba. Kamfanoni da yawa sun gwammace su biya kuɗin kariya sau biyu, sama da ƙasa, su huta. Mai saye ne ke biyan wannan a kuɗin data.

Ƙungiyoyi uku ne suka fi riƙe da alƙalamin rubuta ƙa'idojin, kuma halinsu ya sha bamban. ITU tana Janiba, an kafa ta tun 1865 a zamanin tangaraho, hukuma ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya inda gwamnatoci ke da kujera. Ita ta rubuta G.709 a 2001, ƙa'idar OTN da ke tsara yadda ake naɗe kaya a kan launin haske. IETF ta soma a 1986, ba ta da katin zama mamba, duk wanda ya iya ya shigo. Ɗaya daga cikin dattawanta, David Clark, ya faɗa a 1992 cewa su ba ruwansu da sarakuna da shugabanni da jefa ƙuri'a, abin da suka yarda da shi shi ne rinjayen fahimta da manhajar da aka ga tana aiki. Ka san irin wannan baki da mutanen Janiba sai a hankali. Ta uku ita ce OIF, wadda kamfanoni suka kafa a 1998 musamman don ɗinke ɓarakar da ke tsakanin rauta da na'urorin haske.

Tun farkon shekarun 2000 aka ja daga. Masu faiba suka ce rauta ta tsaya a bakin ƙofa ta roƙi hanya, a ba ta, ba tare da ta leƙa cikin gida ba. A kan wannan ra'ayi OIF ta fitar da UNI 1.0 a 2001, ITU ma ta fitar da tsarin ASON a shekarar. Mutanen intanet da yawa suka ce a'a, a mayar da na'urar haske tamkar wata rauta, kowa ya ga taswirar kowa. Daga nan GMPLS ta fito, aka wallafa tsarinta a RFC 3945 a 2004. Tunanin yana da kyau ƙwarai: yadda MPLS, wata dabarar rautoci, ke liƙa wa ƙunshi lamba don a san hanyarsa, a ɗauki launin haske shi ma a matsayin lamba, rauta ta buɗe wa kanta hanya daga Kano har Legas cikin daƙiƙoƙi.

GMPLS ta yi aiki, amma a cikin gidan kamfani ɗaya. Tsakanin na'urorin kamfanoni biyu kuwa ba ta yi nisa ba. Wani ɓangare na dalilin kasuwa ce: a daidai lokacin harkar sadarwa ta durƙushe a Amurka, Global Crossing da WorldCom suka karye a 2002, kuɗin gwaje-gwaje ya ƙafe. Wani ɓangaren kuma kimiyya ce zalla. Ƙunshin intanet lissafi ne, ko ya isa ko bai isa ba. Haske kuwa yana gajiya, yana kwasar hayaniya a kowace na'urar ƙara ƙarfi, yana bajewa gwargwadon irin gilashin da yawan ɗinkin da aka yi wa zaren. Ganin gurbi a buɗe ba ya nufin launi zai isa lafiya, kuma lissafin da ke nuna zai isa ko ba zai isa ba kowane kamfani ɓoye nasa yake yi. A ganina dai dalili mafi girma shi ne na mutane. Babu shugaban sashen tiransimishan da zai yarda wata rauta da ba ya iko da ita ta riƙa juya masa launuka da tsakar dare, sannan idan abu ya lalace shi za a kira. Ja-in-jar ƙungiyoyin ma ba ta taimaka ba. Sun shekara da shekaru suna jayayya kan yadda za a sa ido a kan MPLS-TP, wani nau'in MPLS da aka tsara don 'yan tiransimishan, har a taron ITU na Dubai a 2012 aka amince da ƙa'idoji biyu a kan abu ɗaya, G.8113.1 da G.8113.2, kowa ya ɗauki tasa.

Abin da ya motsa lamarin daga baya ba daga teburin sulhu ya fito ba. Wajen 2008 kamfanin Nortel na Kanada ya fito da fasahar kohiran, inda ake ɗora saƙo a kan yanayin kaɗawar hasken, wani ƙwaƙƙwaran guntun lantarki kuma ya gyara duk lahanin da hanya ta yi masa. Da ita aka kai gigabit 100 na data a daƙiƙa guda a launi ɗaya, aka wuce. Amma ta ƙara ɗaure mai saye, domin dabarar gyaran kurakurai, FEC, kowa da irin tasa, na'urar wannan ba ta karanta ta wancan. Sai manyan masu saye irin su Microsoft da Google, masu rumbunan data, wato manyan gine-ginen kwamfutoci, birjik a kewayen birni guda, suka gaji da sayen akwatuna. Suka matsa a OIF, aka fara aiki a 2016, a 2020 aka fitar da 400ZR: gigabit 400 a launi ɗaya, zango har kilomita 120, FEC iri ɗaya ga kowa, duka a cikin 'yar na'urar da za ta shiga aljihun riga, a cusa ta kai tsaye a gaban rauta. Akwatin tiransifonda ya fita daga lissafi ke nan. Na kamfani kaza a wannan ƙarshe, na wani a wancan, su yi magana. Idan aka jera su da tazarar gigahaz 75, zare ɗaya zai ɗauki 64, wato terabit 25.6. Kasuwa ta nuna abin da gaske ne: Cisco ta sayi Acacia, mai ƙera irin waɗannan na'urori, a kan dala biliyan 4.5 a 2021, Nokia kuma ta kammala sayen Infinera, mai ƙera na'urorin haske, a 2025. OIF ta fitar da 800ZR, mai ninka abin da 400ZR ke ɗauka, a 2024.

Yanzu mu auna da ƙasarmu. Kilomita 120 ta wadatar a haɗa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero da sabuwa, a haɗa Bompai da Sharaɗa da Challawa, a kai Wudil ko Bichi. Zariya ta riga ta ɗan fi ƙarfinta, balle Kaduna mai nisan fiye da kilomita 200, balle Abuja mai fiye da 400. An yi 400ZR ne don bukatar masu rumbunan data a biranen da faibarsu sabuwa ce, ba don zaren da aka tsinke aka ɗinke sau ba adadi a hanyar Kaduna ba, kowane ɗinki kuwa yana cin wani abu daga hasken. Don dogon zango akwai OpenZR+, yarjejeniyar wasu kamfanoni da ta ɗauki FEC mafi ƙarfi, wadda ke ba da damar a sauko zuwa gigabit 300 ko 200 ko 100 don a ƙara nisa. Ita ta fi dacewa da mu. Amma a lura, a iyakar zango na'urorin kamfani ɗaya masu sirrinsu har yanzu sun fi nisa. Wanda ya zaɓi ƙa'idar kowa-da-kowa ya sayi 'yancin sauya mai sayar masa, ya biya da ɗan ragin zango. Ni ina ganin cinikin ya yi, musamman ga mai sayen kaya da dala yana karɓar kuɗi da naira.

Ko a nan ma akwai ƙananan tarkuna. Na'urorin 400ZR na farko haskensu yana fita da rauni, kusan kashi 1 cikin 10 na abin da tsofaffin ROADM suka saba karɓa, sai da aka ƙero masu haske mai ƙarfi daga baya. Sannan idan launin da ya fito daga rautar wani ya hau layin wani kamfani, baƙo ne a can. Ranar da ya raunana, mai layi zai ce na'urarka ce, mai na'ura ya ce layinka ne. ITU ta tanadi G.698.2 don fayyace iyakar alhakin kowa a irin wannan hali, akwai kuma manhajar GNPy ta TIP, wata ƙungiyar kamfanonin sadarwa, wadda kowa zai iya sauke ta kyauta ya lissafa ko launi zai isa, ba sai ya dogara da bakin mai sayarwa ba.

Ɓangaren da har yau bai daidaita ba shi ne na sarrafawa. Toshe na'ura ya zama abu ɗaya, ba ta umarni kuwa wani abu ne daban. Tsakanin 'yar na'urar da rautar da aka cusa ta akwai ƙa'idar ba da umarni mai suna CMIS, wadda OIF ke kula da ita, amma ba kowace rauta ke karɓar ta kowane kamfani hannu bibbiyu ba. Daga sama kuma an yi watsi da mafarkin rauta ta yi komai da kanta, aka koma ga manhajojin sarrafawa: ɗaya ta riƙe rautoci, ɗaya ta riƙe na'urorin haske, wata a samansu ta haɗa taswirorin biyu. IETF ta zana wannan a RFC 8453 a 2018 da sunan ACTN. Harshen da ake siffanta na'urori da shi, YANG, ya samu karɓuwa tun fitowarsa a 2010. Sai dai siffantawar ta rabu: akwai OpenConfig da Google da wasu manyan kamfanoni suka jagoranta, akwai Open ROADM da AT&T, kamfanin sadarwa na Amurka, ta ƙaddamar a 2016 tare da Ciena da Fujitsu da Nokia, akwai TAPI, akwai na IETF kanta. Kowane mai sayarwa zai rantse maka kayansa a buɗe suke, kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ka tambaye shi ta wace ƙofa. Tsohuwar tambayar ma ta dawo da sabuwar riga: na'urar haske ce, amma a cikin rauta take zaune, to 'yan IP ne za su saita ta ko 'yan tiransimishan?

Me ya sa wannan ya shafe mu yanzu? Domin ana shirin kashe kuɗi masu yawa. A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin faiba ta kilomita 90,000, a shekarar ce kuma aka sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Galaxy Backbone, kamfanin sadarwa na gwamnatin tarayya, ta buɗe rumbun data a Kano a 2023, IXPN mai haɗa kamfanonin intanet na cikin gida tana da mahaɗa a nan. Idan waɗannan suka yi ƙarfi, saƙon Kano zuwa Kano zai rage zuwa Legas, haɗa su da juna a cikin gari kuwa shi ne ainihin aikin da aka yi 400ZR dominsa. Sharaɗin shi ne a rubuta sunayen ƙa'idojin ɓaro-ɓaro a takardar kwangila, a kuma gwada na'urorin kamfanoni biyu a gaban mai saye kafin a biya, maimakon a tsaya ga alƙawarin da ke cikin ƙasidar talla.

Dole kuma a yi lissafin zafi. Kowace 'yar na'urar nan tana cin wat 15 zuwa 20 da wani abu, rauta ɗaya siririya kuma tana da gurabe fiye da 30. A watan Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, idan wuta ta ɗauke janareta ya yi jinkirin tashi, ɗakin da babu sanyi zai sa su rage aiki ko su kashe kansu. A da, idan akwatin tiransifonda ya mutu rauta tana nan, yanzu ƙwai sun koma kwando ɗaya. Ga kuma ƙarancin injiniyan da ya san BGP ya kuma iya karanta ma'aunin tsabtar haske, domin yadda kamfanoni suka raba sassan haka horon ma ya rabu.

Ga shugaban sashen kwamfuta na asibiti ko jami'a ko kamfanin da ke Bompai, wanda ba zai sayi ROADM ba har abada, abin da ke hannunsa tun yau shi ne ya nemi taswirar ainihin hanyar da kowane layinsa ya bi, titi-titi, daga ƙofar ofishinsa har inda ya fita daga gari, ya ɗora ta farko a kan ta biyu ya ga inda suka haɗu. Wasu masu sayarwa za su ce sirrin kamfani ne. Wasu kuma ba su da taswirar ma, domin su ma hayar launi suka yi a kan faibar wani, mai yiwuwa wanda abokin gasarsu ya yi haya a wurinsa.